Audugar da Ke Cikin Jakar Yaya

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuli, tsakanin azahar da la'asar, Allah ya yi wa yayata rasuwa a ɗakinta, tana zaune a kan dardumar salla, jakar tafiyarta na jingine a bayan ƙofa. Ni ina ofis a lokacin, ina gyara kanun labaran yamma. 'Yarta ta fari ce ta kira ni. "Kawu" kawai ta iya cewa, sauran kuwa na gane da kaina.

Yaya, shekara da shekaru ina aikin tace labarai a gidan rediyo. Na rubuta sanarwar rasuwar manya da ƙanana, ba wadda ta taɓa ba ni wuya. Taki ce ta gagare ni. Abokan aiki sun yi ta cewa in rubuta wani abu a kanki, ni kuma ina ta ja da baya, domin na san in na fara, dole in faɗi abin da ba na so a ji. Yau dai na zauna, kuma zan faɗa.

Mutane sun san ki a ɗakin haihuwa na ƙaramin asibitin unguwarmu, inda kika ƙare ƙuruciyarki kina karɓar 'ya'yan mutane. A ranakun zaman makoki na ga matan da ban taɓa gani ba, kowace riƙe da hannun yaro ko ɗauke da jika, tana cewa a hannunki ya faɗo. Wata ta ba mu labarin kabad ɗinki na wurin aiki, wanda kika cika da tsofaffin zannuwanki wankakku, domin matan da naƙuda ke kawowa ba shiri. Ta ce kin ɗaura mata ɗaya, da ta zo mayarwa kika harare ta kika ce ke ba ki san zanen ba. Wani dattijo kuma ya ce bai manta faɗan da kika yi masa a gaban mutane ba, ranar da ya ajiye matarsa a bakin ƙofa zai wuce kasuwa. Ya ce tun daga ranar bai sake barin ta ta je awo ita kaɗai ba. Yana faɗa yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

Kuma kowa ya san ba ki da tsoro. Shekarar da aka sa dokar hana fita, kin ɗauki jakar aikinki da rana tsaka kika nufi asibiti a ƙasa. Soja ya tare ki a shingen kan titi, ya ɗaga miki bindiga. Kika dube shi kika ce, "Yaro, kai ma wata ce ta karɓi haihuwarka. Matsa in wuce." Ya matsa. Washegari shi ya riƙe miki jakar har ƙofar asibiti.

Wannan duk na jama'a ne. Ni nawa daban ne, domin ke kika raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kina budurwa 'yar makarantar jinya, ni kuwa ko wando ban iya ɗaurewa ba. Wata rana kin je kasuwa da ni, rikici ya ɓarke. Ban tuna dalilinsa ba, ihu kawai na tuna, da ƙarar gilasai, da ƙafafun mutane ta ko'ina. Na sandare a tsakiyar hanya ina kururuwa. Kika ja ni bayan wata rumfa, kika ciro auduga daga jakarki ta makaranta, kika toshe mini kunnuwa, kika goya ni duk da na wuce goyo, kika ratsa da ni har gida. Tun daga ranar, taron jama'a mai hayaniya yake kashe mini jiki. Na girma, na yi gemu, na zama mai karanta wa duniya labarin yaƙe-yaƙe cikin murya mai kauri, amma ko gardamar 'yan ƙwallo ta yi zafi a bakin titi, sai in tsallaka ɗaya gefen.

Ke kaɗai kika san wannan, kuma ba ki taɓa tona ni ba. Sai dai tsokana. Ranar da zan fara magana a rediyo, kin raɗa mini, "Auta, a kawo auduga?" Ranar ɗaurin aurena ma haka, ina ta zufa cikin babbar riga. Nakan ɓata rai, ke kuma ki yi ta dariya har ki riƙe ciki.

Bara aka gano ciwon zuciyarki. Likita ya ce wata ƙofa ce a ciki ta tsuke, kuma aikin da za a yi sai an fita waje. Ya ja kunnenmu cewa abin ba ya son jinkiri. Dangi suka tashi tsaye, asibitin can ya ba da rana, aka buga biza ta mutum biyu: ke, da ni ɗan rakiya, tunda ni nake jin yaren ƙasar. Na yi ta cika baki a gida cewa a bar mini komai. Kika haɗa jakarki tun da sauran lokaci, kamar yadda kika saba, kika jingine ta a bayan ƙofa.

Ana saura kwanaki kaɗan mu tashi, zanga-zanga ta ɓarke a ƙasar. An yi zaɓe, wasu sun ce ba su yarda ba, matasa suka cika dandalin babban birni. To, duk rahoton da ke fitowa daga can, a kan teburina yake sauka kafin kowa ya ji. Na san abin da ke faruwa dalla-dalla. Na san a dandali ɗaya ake taruwa, da titunan da ke kewaye da majalisa. Na san asibitin yana can wani ɓangaren gari, filin jirgi yana aiki, hanyar da ke tsakaninsu kuma a buɗe take. Amma da na ga hotunan taron, sai gabana ya shiga faɗuwa irin ta ranar kasuwa. Na kasa cin abinci. Matata ta tambaye ni, na ce aiki ne ya yi yawa.

A sana'armu akwai abin da ake koya wa sabon shiga tun makon farko: labarin da ya fi zafi shi ke hawa sama, mai sanyi ya koma ƙasa, in lokaci ya ƙure a yanke shi. Ba ƙarya ake yi ba, zaɓe ake yi. Da wannan ƙwarewar na zo falonki ranar da dangi suka taru don a yanke shawara. Mai gidanki ya juyo ya ce, "Kai ne ka san duniya. Me ka gani, a tafi ko a dakata?" Na ciro waya. Cikin duk abin da na gani a makon nan, na zaɓi motar da ke ci da wuta, da hayaƙi mai sa hawaye, da wani saurayi da jini ya wanke wa fuska. Kowane ɗaya gaskiya ne. Zancen buɗaɗɗiyar hanya da asibitin da ke aiki lafiya lau kuwa, na yanke shi kamar yadda nake yi in lokaci ya ƙure.

Wayar ta zaga hannu-hannu, mata suna salati. Sannan na faɗi maganar da har yau in na tuna nake jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Ni ba don kaina ba. Mai ciwon zuciya ce, ina za ta iya da wannan tashin hankali?"

Da wayar ta iso gare ki, ba ki kalle ta ba. Hannuna kika kalla, wanda na ɓoye a ƙarƙashin hula a kan gwiwata. Kin daɗe kina kallo. Ɗanki ya fara cewa ko a nemi wani ya raka ki, kika ɗaga masa hannu. Kika ce, "Tunda Auta ya ce a dakata, a dakata. Allah ya sa haka ne mafi alheri." Kowa ya yaba mini da hangen nesa. Wata gwaggonmu har addu'a ta yi mini, ta ce Allah ya bar mana mai ilimi a gida. Na amsa da amin, ban ji nauyin bakina ba.

Ba a daɗe ba ƙurar ta lafa, masu zanga-zanga suka koma gidajensu. Amma ranarmu ta wuce, an ba wani, sabuwar da asibitin ya bayar kuma tana can gaba da nisa. Muka zauna jira. Ƙafafunki suka fara kumbura, tafiya daga ɗaki zuwa tsakar gida ta zama aiki. Ni da nake zuwa kullum, sai na koma zuwa jefi-jefi, in ajiye lemo da ayaba, in tsaya daga bakin ƙofa in ce ana jira na a ofis. Ba aiki ba ne, Yaya. Jakar nan ta bayan ƙofa ce ba na iya haɗa ido da ita. Ke kuwa ko sau ɗaya ba ki yi mini gori ba. Sai ma ki ce na rame, ki tambaya ko ana ba ni abinci a gida.

Bayan an watse daga zaman makoki, 'yarki ta ce in zo mu buɗe jakar, tunda har da takarduna a ciki. Muka zauna a kan tabarma tana fitarwa ɗaya-ɗaya: zannuwa, rigar sanyi, carbi, magunguna, silifas. Can ƙasa sai ga wani ɗan ƙunshi a farar leda. Ta miƙo mini. Auduga ce, sabuwa fil.

Ta ce, "Ranar da aka fara zanga-zangar ta aike ni na sayo. Na tambaye ta ta mece ce, ta yi dariya ta ce ta kunnen Kawu ce, in kun sauka can."

Ta ci gaba, idonta a ƙasa. Ashe akwai wata tsohuwar abokiyar aikinki da ke aikin jinya a wancan asibitin, kuma kun yi waya da safiyar ranar taron dangi. Ta gaya miki unguwarsu ko ƙarar taya ba a ji, ku taho kawai. Kin shigo falon nan kin san komai, kin san abin da na yanke. Da 'yarki ta matsa miki daga baya ki faɗa wa dangi a sake shawara, kika ce, "In na faɗa, an gane ƙanena tsoro ya ji, ga matarsa ga 'ya'yansa a wurin. Bar shi. In da sauran kwana, za a je."

Na sani, kuma na yi imani, kwana in ya ƙare ko a gaban likitocin duniya ake sai an tafi. Masu ta'aziyya sun gaya mini haka, ni ma na sha gaya wa wasu. Ba da hukuncin Allah nake jayayya ba. Kunyata ita ce an tambaye ni gaskiya na ba da rabinta, na ɗauki tsorona na rataya a wuyan ciwonki, matar da soja da bindiga bai mayar gida ba. Da na buɗe baki na ce, "Yaya, tsoro nake ji," na san abin da za ki yi. Za ki yi mini dariya, ki kama hannuna, mu hau jirgi.

Kin rufa mini asiri har kabari. Ni kuma na ga bai kamata in ci gaba da karɓar yabon hangen nesa a kan rufin da kika saya da numfashinki ba. Mai gidanki, 'ya'yanki, gwaggo da ta yi mini addu'a, ga abin da ya faru. Ina neman gafararku, ba don na cancanta ba.

Ya Allah, ka jiƙan Yaya, ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi. Yadda ta suturta matan da suka zo mata ba zane, ka suturta ta ranar da asirai ke tonuwa. Yadda ta tsallakar da 'ya'yan mutane zuwa duniya lafiya, ka tsallakar da ita siraɗi lafiya, ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi, ka haɗa ta da mahaifanmu a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai gidanta, da 'ya'yanta da jikokinta, da abokan aikinta na ɗakin haihuwa, da duk wanda ya faɗo a hannunta. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya kyautata namu ƙarshen.

Audugar tana cikin aljihun teburina a ofis, kusa da inda nake tace labarai. Ban buɗe ledar ba, Yaya. Wannan karon ba zan toshe kunne ba, duk abin da dangi za su faɗa mini zan tsaya in ji.