Yarinyar da Ba Ta Juya Shafi Ba

Shekara shida muna ƙofa da ƙofa da su a wani bene a unguwar Bin Mahmud da ke Doha, a ƙasar Qatar. Matar gidan nas ce kamata, 'yar jihar Kerala ta ƙasar Indiya, asibitinmu ɗaya amma sashenmu daban. Mijinta yana gyaran na'urorin sanyaya ɗaki, mutum ne mai tsare gida, gaisuwarsa ba ta wuce ɗaga gira. 'Yarsu guda ce, a Doha aka haife ta, lokacin tana da shekara goma sha uku. Anti take kirana, kuma in dai tana gida tuwona da miyar kuka ba sa kwana a tukunya.

Da suka yanke shawarar komawa gida saboda tsohuwar mijin ta fara gajiya, sai maganar makaranta ta hana su sakat. Yarinyar manhajar Birtaniya take bi a nan. A can kuwa hanya uku ce: ko ta ci gaba da irin wadda ta saba, ko ta shiga ta gwamnatin tarayyarsu da ake yi da Turanci, ko ta jiha, inda harshensu na Malayalam darasi ne na dole. Teburin cin abincinsu ya cika da takardun makarantu har sai an ture su kafin a ajiye faranti. Yayan mijin kuma yana can yana ba da umarni ta waya, kamar shi zai zauna a ajin.

A ƙarshe suka zaɓi ta jiha, makarantar da uwar ta yi, kusa da gidan kaka. Akwai jarrabawar shiga bayan wata biyu, har da ta Malayalam, wanda ya faɗi kuma sai a mayar da shi aji ɗaya baya. Babu wanda ya damu. Uwar ta ce mini ai yarinyar tana yaren kamar kakarta, har karin magana take yi. Na ce Allah ya ba da sa'a, na kama bakina, abin da ba safai nake iya yi ba.

Wata Juma'a, ranar hutu a nan, suka gayyace ni cocinsu a unguwar Mesaimeer, za a yi musu addu'ar ban kwana. Na zauna kusa da yarinyar. Ban ji ko kalma ɗaya ba, don haka sai na yi abin da aiki ya koya mini, na shiga kallon mutane. Tana riƙe da littafin waƙa mai rubutun nan nasu da ke murɗe kamar taliya, tana rerawa da murya mai daɗi. Kowa ya juya shafi, ita ba ta juya ba. Idonta a wuri ɗaya yake, ba ya tafiya da layi. Can ta saci kallon hannun uwarta, ta yi sauri ta juya, har shafi biyu ta haɗa.

Gabana ya faɗi, don na san wannan dabarar ciki da waje. A aji uku na firamare a ƙauyenmu, na haddace littafin karatu kaf daga bakin yayata, shekara guda ina yaudarar malaminmu. Ranar da wani baƙo daga ofishin ilimi ya buɗe mini littafin daga tsakiya, asirina ya tonu. Aka bar ni a ajin, ƙawayena suka wuce. Na kusa hamsin yanzu, amma kunyar ranar ba ta gama sakina ba.

Washegari na ja ta shan shayin karak a shagon ƙasan benenmu. Ban yi kwana-kwana ba, na faɗa mata abin da na gani. Ta daɗe tana juya kofi kafin ta amsa. Ashe tun tana ƙarama aka sa ta ajin koyon yaren na ranar Asabar, sai lokutan aikin iyayen suka hana kai ta, aka bari. Haruffa kaɗan ta riƙe. Babanta kuma yana yawan bugun ƙirji a gaban baƙi cewa 'yarsa ba irin yaran da suka tashi a ƙasashen Larabawa ba ce da suka manta gida, shi ya sa ta kasa faɗa.

“Anti, don Allah kar ki gaya masa.”

“Ba zan faɗa a bayan idonki ba,” na ce. “Tare za mu shiga. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gara ya ji a falonsa da ya ji daga bakin shugaban makaranta.”

Da yamma muka shiga. Ban gama magana ba mutumin ya miƙe, ya ce wa ya sa ni cikin harkar gidansa, 'yarsa da ke waƙa a gaban coci za a ce ba ta iya karatu ba. Na amsa cewa na yarda shiga sharo ba shanu na yi, amma gani ya kori ji. Akwai kalandar cocinsu a bango. Na ciro ta, na miƙa masa, na ce ya zaɓi layin da ya ga dama. Ya nuna da yatsa. Yarinyar ta furta harafi biyu, ta tsaya, hawaye ya zubo. Uwar ta rufe baki da gefen mayafinta. Shi kuwa ya ajiye kalandar a hankali ya shige ɗaki.

Sati uku ko ɗaga girar ma ban samu ba. In mun haɗu a lif sai ya zuba wa lambobi ido. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba, kuma na ji tsoron ko zumuncin shekara shida na rusa. Amma ni da uwar ba mu zauna ba. Muka yi yadda muke miƙa mara lafiya in an canja aiki: takarda ɗaya, abin da ke lafiya, abin da ke ciwo, da lokacin da ya rage. Ta sa aka turo mata tsofaffin takardun jarrabawar shiga na manhajojin uku, yarinyar ta zauna a teburina ta yi su, ina riƙe da agogo. A Turanci da kimiyya ta wuce. A lissafin manhajar tarayya tana ɗan baya, amma wannan ramin wata biyu zai cike shi. Rubutun yare na shekara bakwai kuwa ba a haɗiye shi a wata biyu, ko da wa ya haife ka.

Uwar ce ta kai masa takardar. Ban san yadda suka ƙare ba, na dai ji ta bango yana gaya wa yayansa a waya “khalas”, wato magana ta ƙare, har sau uku. Aka nema mata makarantar manhajar tarayya mai ɗan nisa da gidan kaka, inda za ta ci gaba da Faransancin da take koyo a nan a madadin Malayalam. Ranar tafiya uwar da 'yar suka rungume ni muna kuka. Shi akwatuna kawai yake ta ƙirgawa.

Bayan wata huɗu, ina fitowa daga aikin safe, wayata ta yi ƙara, kiran bidiyo. Na ɗauka uwar ce, sai na ga fuskarsa. Ya gyara murya, ya ce yarinyar ta ci jarrabawa tun tuni, tana ajinta, ba a mayar da ita baya ba. Sai ya ƙara da cewa:

“Sista, shekara goma sha uku muna gida ɗaya ban gani ba. Tsaya ki ga wani abu.”

Ya juya wayar. Tana zaune a baranda kusa da wata tsohuwa, jaridar yarensu a cinyarta, tana bin layi da yatsa, tana karantawa a hankali, tana tuntuɓe tana gyarawa. Makarantar ba ta nemi haka ba. Shi ne yake zama da ita kullum da safe kafin motar makaranta ta zo.

Na yi alfahari da ita, na yi alfahari da shi, kuma ba zan yi ƙarya ba, na yi alfahari da wannan bakin nawa. Motar ma'aikata ta zo, direban yana ta “yalla yalla”, wai in yi sauri, na ɗaga masa hannu ya tafi. Na tsaya a rana a bakin asibiti ina sauraron labarin da ban ji ko kalma ɗaya a cikinsa ba, har ta kai ƙarshe.