Sunayen da Malam Habu Ya Ƙi Gogewa

Shekara tara ke nan da rasuwar aminina Malam Habu, Allah ya jiƙansa da rahama. Duk tsawon shekarun da ya shugabanci wata ƙaramar sakandare ta gwamnati a wani ƙauye na ƙasar Gwaram, makarantarsa ba ta taɓa tashi daga gindin jerin makarantu ba. Bana jikana ya nuna mini sabon jeri a waya, sai ga ta a sahun gaba. Na so in yi murna na kasa, domin ruwa ba ya tsami banza.

Ga wanda bai san jerin ba, idan sakamakon jarrabawar aji uku ya fito, akan jera ƙananan sakandaren Gwaram da na Birnin Kudu a ga inda aka fi ci da inda aka fi faɗuwa. Duk ɗalibin da aka tura sunansa yana cikin lissafi, wanda bai zo ba ma faɗuwa ake ɗaukarsa. Sunaye kuwa da rani ake turawa, lokacin da 'ya'yan makiyaya suka bi shanu kudu neman ciyawa, ba sa dawowa sai an yi ruwan shuka, saura makonni kaɗan a zauna jarrabawa. Shugabanni masu wayo sai su tsallake duk wanda ba ya aji. Malam Habu kowa turawa yake yi.

Wata rana na same shi a gindin darbejiyar makaranta da rajista a cinya, tare da Malam Garba, abokin wasansa da ke shugabantar wata makaranta ta ɓangaren Birnin Kudu, wadda kullum take kan gaba.

"Habu, duk ƙasar nan kai kaɗai ne kake yi wa shanu rajista," in ji Malam Garba.

"Ai sun fi wasu malamanka kiyaye lokaci. Ruwa na sauka sun dawo."

"To wannan Dije da kake rubutawa, wata huɗu rabonta da allo. Me za ta rubuta?"

"Sunanta. In ta faɗi, ta faɗi da hannunta. Ba ni zan kayar da ita tana can bayan shanu ba."

Dije ta dawo, ta zauna, ta faɗi. Ta maimaita aji, da shekara ta zagayo ta ci. Wasu sun faɗi ba su sake ba, wasu ko dawowa ba su yi ba, kuma kowane ɗaya ya ja makarantar ƙasa.

Dole in faɗi gaskiya, a wancan lokaci ina bayan Malam Garba. Na yi fatauci daga Damagaram har Kumasi, na zauna a Sudan, duk inda na je na ga iyaye suna bin makarantar da ta yi suna. Na ce wa Malam Habu ya rage sunayen ko na shekara biyu ne, makaranta ta ɗaga kai, sannan ya koma halinsa. Ya ce mini, "Alhaji, ka yi yawon duniya, ka taɓa ganin manomin da aka yaba wa albarkar gonarsa don ya ɓoye buhunan da ba su cika ba?" Na ce na gani da yawa. Ya yi dariya, bai goge ko ɗaya ba.

Ya ɗanɗana kuɗarsa. A taron shugabanni da shi ake buga misali. Masu hali na ƙauyen suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun da ke sama, malamai nagari suka riƙa neman a sauya musu wuri. Har ya yi ritaya, har ya kwanta ciwon ajali, ana kiransa shugaban makarantar ƙarshe.

Watan jiya na je ƙauyen. Sabon shugaban yaro ne mai ladabi, har ƙasa ya gaishe ni. Na tambaye shi yaran ruga. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, in na tura su, ni za a kira ofis. In ban tura ba, ba mai tambayata." Ban zarge shi ba. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sauyawa take yi.

Daga nan na ƙarasa rugar da ke bayan gari. Ardonsu, tsoho sa'ana, muka gaisa da Fillanci, sannan ya koma Hausa don jikokinsa su ji. Ya ce yanzu ko aji ɗaya ba sa kai yara. "Wanda ya san ba za a rubuta shi a aji uku ba, me zai je nema a aji ɗaya?"

Da Malam Habu zai ga wannan jeri, ba na jin zai yi faɗa. Rajista zai nema, ya bi ta da yatsa, ya tambayi ina 'ya'yan wane da wane. Ba wanda zai amsa, domin jerin bai san da su ba.

Abin da ya rage na aminina mutane ne ƙalilan a rugagen Gwaram, yanzu magidanta da matan aure, da suke karanta takardar maganin dabbobi da kansu, suke rubuta sunansu a asibiti ba dangwale ba. Kusan duka a hannunsa suka zauna jarrabawa. Bayansu babu wasu masu tasowa. Makarantar ta hau sama, yaran ruga kuma sun daina zuwa.