Mai Goro da Ruwan Azurfa

Adisa Olawoore manomin goro ne a wani ƙauye kusa da Ikire. Gonar ta kakansa ce, shi kuma tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake fasa kwanson goro da wuƙa, har babban yatsansa na hagu ya karkace. Bokonsa bai wuce aji huɗu ba. Mutum ne mai tsoron abin kunya fiye da tsoron maciji. 'Ya'ya biyar Allah ya ba shi da matarsa Asake, kuma auta, Moradeyo, ita kaɗai ta kai jami'a, can Ogbomoso.

Da ta shiga shekarar ƙarshe ta ce masa ta zaɓi fasahar nano. Ya ce, "To, Allah ya taimaka," bai tambayi ko mene ne ba, don kada a ga bai sani ba.

Abin da ya fara damunsa shi ne zuwanta gida a kai a kai. Duk mako biyu sai ga ta da buhu. Ba goro take ɗiba ba, kwanson da ake zubarwa bayan gona take tsincewa, ta wanke, ta shanya, ta daka a turmin uwarta ta tafi da garin. Wata rana Asake ta ga kwalba a jakarta, cike da wani ruwa ja-ja kamar jiƙo.

Magana ba ta kwana a ƙauye. Ranar kasuwa, Lamidi mai aski ya tare shi yana dariya.

"Baban Deyo, barka da arziki! An ce ka tura yarinya jami'a ta dawo boka. Ka ce ta haɗa mini na ciwon baya mana."

"Bayanka zaman banza ne ya kashe shi," in ji Adisa. Ya yi dariya tare da mutanen da ke wurin, amma ya fara zargin ko an kore ta daga makaranta ne. Ɗan maƙwabcinsu ma haka ya yi: an kore shi daga makaranta, ya shekara biyu yana fita da jaka kamar ɗalibi.

Ya kasa tambayar Moradeyo. Asake ta ce, "Kai da bakinka ba za ka iya ba? To je ka gani da idonka." Ranar Talata da safe ya sa babbar rigarsa ya hau mota.

A jami'ar ya sha yawo. Duk wanda ya ce wa "nano" sai ya nuna masa wani gini. Daga ƙarshe wata mai shara ta kai shi bakin wani ɗaki mai warin magani. Ta gilashin ƙofa ya hango Moradeyo cikin farar riga da safar hannu. Da ta gan shi ta fito da gudu ta durƙusa.

"Baba! Lafiya? Mama ce?"

"Lafiya lau. Hanya ce ta biyo da ni."

"Hanyar ina, Baba? Daga Ikire?"

Sai wata mace mai furfura ta leƙo. Malamarta ce, Dokta Ajagbe. Da ta ji ko wane ne, ta rusuna ta ce, "Ashe ku ne mai gonar! Baba, ku shigo. Ɗalibai shida ke cin albarkacin kwansonku."

Suka ba shi kujera. Moradeyo ta ɗauko kwalba mai ruwa fari tas, ta ce azurfa ce aka narkar a ciki. Ta ɗiga ruwan kwanson goro. Suna kallo, ruwan ya fara rinewa har ya koma ja-ja, irin wanda Asake ta gani.

"Azurfar ce ta dunƙule ta zama 'yan ƙwayoyi," in ji ta. "Ƙanƙantarsu, Baba, in aka jera dubu ba su kai kaurin gashin kanku ɗaya ba. Karatun nano ke nan."

Adisa ya shafa sanƙonsa. "Sai dai ki nemi gashin wani."

Dokta Ajagbe ta yi dariya har da riƙe tebur. Sannan ta kawo wani ƙaramin faranti na gilashi a rufe. Ya yi dusu-dusu da ƙwayoyin cuta da suka shuka da gangan, amma a tsakiya, inda aka ɗiga ruwan, akwai da'ira fes, ba komai.

"Nan sun mutu," in ji ta. "Muna gwada ko za a iya sa shi a fenti ko a matatar ruwa. Da sauran aiki, ba yau ba. Amma 'yarku tana da hannu. Na riga na ce ta dawo ta yi digiri na biyu a wurina."

Ya daɗe yana duban farantin. Sannan ya tambayi abin da ya kawo shi, a hankali. "Wato sunanta yana nan a makaranta?"

Moradeyo ta zuba masa ido. Sai a lokacin ta gane. "Haba, Baba!"

"Tambaya ce kawai," in ji shi, yana gyara hula.

Ta yi fushi na ɗan lokaci, amma ta kai shi rumfar mai abinci a bakin ƙofar makaranta. Ya ci amala malmala uku da miyar wake, ya nemi ƙarin nama, yana ta tambayarta ko kwanson farin goro ya fi na ja aiki. Ta ce ba su gwada ba tukuna. Ya ce to su gwada, shi ya san ba ɗaya ba ne.

A motar komawa, tun kafin su fita gari barci ya kwashe shi. Bai farka ba sai da direba ya girgiza kafaɗarsa a tashar Ibadan, inda zai canja motar Ikire, ya ce Baba a sauka, an iso.