Hannu a Bakin Kare

Ban taɓa mantawa da ranar da saura kaɗan in zagi magidanci a tsakar gidansa saboda kare ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikacin kiwo a Kore Mairuwa, aikina rigakafin shanu da awaki. Kare kam sai jefi-jefi.

Wani matashin ɗan kasuwa, Malam Sanusi, ya zo ya ce karen gidansu ya daina cin abinci. Na mahaifinsa ne, wani maharbi da ya rasu, kuma tsohuwar Sanusi, Inna Tamo, ba ta da abokin zama da ya wuce shi. Na hau moto, wato babur, na je. Ƙaya ce ta karye a ƙafar karen, wurin ya ruɓe, ga zazzaɓi. Na wanke ciwon, na ba da ƙwayoyi, safe da yamma har su ƙare. Na kuma nuna wa Sanusi yadda ake yi: a kama leɓen sama a buɗe baki, a tura ƙwaya can ƙarshen harshe, a rufe, a shafa maƙogwaro sai ya haɗiye. Sanusi na tsaye can gefe yana gyaɗa kai, hannuwa cikin aljihu.

Bayan 'yan kwanaki sai ga shi da ƙorafi.

"Likita, maganinka ba shi aiki. Karen ga mutuwa za ya yi."

Raina ya ɓaci, don na san maganina. Na koma na tarar da kare kwance, ko kai ba ya ɗagawa, Inna na kore masa ƙuda da mafici.

"Kana dai ba shi?"

"Wallahi ban tsallake ko guda ba."

"To ba shi in gani."

Bawan Allah ya ɗauko ƙosai ya cusa ƙwayar ciki, ya tsaya daga bakin zaure ya wurga, ya juya zai kama hanyar shago. Kafin ƙosan ya gama gangarawa, wani jan karen maƙwabta ya faɗo ta ɓarakar danga ya cafe. Da gani ya san lokacin. Sai sheƙi yake, ɗan banza!

Na ce, "Malam, juyo ka ga mara lafiyarka. Wancan ka ka yi ma magani!"

Ya sunkuyar da kai. "Likita, miyau nai najasa na. Ina da alwalla, kuma in abokaina sunka ji..."

Na buɗe baki zan sauke masa kwandon masifa, sai tsohuwa ta riga ni, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Ubanka da hannun da yat taɓa karen ga yac ciyad da kai. In ba ka iyawa, riƙa mani kai nai in saka da kaina."

Ta miƙo hannu, amma don tsufa ko ƙwayar ta kasa ɗauka daga tafina. Sanusi ya dube ta, ya naɗe hannun riga ya durƙusa. Ya tura ƙwayar fuska a yamutse, sannan ya nemi ƙasa da ruwa ya yi ta dirza. Karen ya tashi, amma jinkirin ya ci ƙafar, da ɗingishi ya ƙare rayuwarsa.

Ku sababbin shiga, a aikin nan dabba ba ta cika ba da wuya ba, mai ita ne. Mutumin ƙasar nan ba zai ce maka ba zai iya ba, zai gyaɗa maka kai ne don kunya. Kada ku hau moto sai kun ga hannunsa cikin bakin dabbar.