Lissafin da Ya Tashi Inna Rawa

Shekarun baya, farkon zuwan Shari'a, aka sa bikin ƙanwata a garinmu Gammo. Ni lokacin malamin lissafi ne a Kabo. Albashin zamanin tsuke bakin aljihu bai kai ya kawo ba, shi ya sa ranar Asabar nake bin abokina mai gyaran rediyo a Gwarzo mu je sa kiɗa gidajen biki. Garmaho biyu gare shi na lantarki, ya saye su ne a Kano lokacin da wani gidan rawa ya rufe.

Dattawa sun yarda a yi kiɗa, amma da sharaɗi: daga azahar zuwa la'asar, kuma namiji ba zai shiga cikin gida ba. Mu da kayanmu a soro, lasifika a kan katanga.

Ana jibi biki ƙanwata ta ja ni gefe.

"Yaya, abu ɗaya nake so. Ina so Inna ta yi rawa."

Na yi dariya. Tun rasuwar Baba ko tafi mahaifiyata ba ta ƙara yi a biki ba. Amma yarinyar nan ta riga ta shirya komai. Ta fito da tsohon faifan kalangu na Baba, wanda Inna ke so. Ta ce in 'yan mata suna rawa da faifan Indiya za a jawo Inna tsakiyar fili, sai mu shigo da kalangun.

"Amma kada kiɗan ya tsaya ko kaɗan. Yana yin shiru za ta gudu ɗaki, ka san ta."

Na ce ai wannan aikina ne. Kafin faifai biyu su haɗu ba tare da an ji tuntuɓe ba, dole saurinsu ya zo ɗaya. Na ɗauko agogo na ƙirga bugun kowanne a minti guda. Na Indiya ɗari da ashirin da shida, kalangu ɗari da goma. Bambanci goma sha shida. Na raba da ɗari da goma, na ninka da ɗari, ya ba ni kashi goma sha huɗu da rabi cikin ɗari. To, ɗan maɓallin ƙara sauri da ke jikin garmahon a kashi takwas ya ƙare.

Na sake lissafin sau uku, kamar takarda za ta ji tausayina. Abokina ya ce a tura faifan da yatsa. Muka gwada, sai muryar mawaƙin ta koma ta ɗan akuya.

Ana gobe biki ina zaune bakin soro da littafina, fuska a murtuke, sai ga gwaggona ta fito shan iska daga wajen daka.

"Malam, wa ya mutu?"

Na yi mata bayani dalla-dalla, har da kaso cikin ɗari, ina jin kaina wani babba. Ta bari na gama tsaf.

"Wato ɗaya na sauri, ɗaya na nawa? To ai mu in mai sauri da mai nawa suka haɗu a turmi, ba mai nawar kaɗai ake kora ba. Mai saurin ma rage hannu take yi."

Ta koma ciki abinta. Ni da takardar shaidar koyar da lissafi, ban taɓa tunanin taɓa na Indiyan ba. Na duba tsakiyarsu, ɗari da goma sha takwas. Kalangu ya hau da kashi bakwai da 'yan kai, na Indiya ya sauka da shida da 'yan kai. Duk biyun maɓalli zai iya.

Ranar biki muka kunna janareta bayan azahar. Ba ma ganin komai, sai ƙarar ƙafafu da shewa. Can gwaggo ta ƙwanƙwasa ƙyauren soro sau biyu, alamar an jawo Inna ke nan. Na fara sauke na Indiyan a hankali don kada 'yan mata su farga. Abokina ya ɗora allura a kan kalangun, yana saurare a kunnensa shi kaɗai, kansa na kaɗawa. Na ƙirga masa huɗu, ya buɗe shi a lasifika.

Kalangun ya shigo daidai kan bugu. Muka janye na Indiyan.

Sai cikin gida ya yi tsit. Kiɗa na tashi, amma ba tafi, ba shewa. Na ce shi ke nan, ta gudu, na kunyata ƙanwata. Abokina ya ƙi kallona.

Sai guɗa ta tashi, wata ta karɓa, gida ya ɗauka gaba ɗaya.

Da faifan ya ƙare gwaggo ta leƙo, tana share ido da bakin zane.

"An ba ni saƙo. Wai a gaya wa mai injin nan ya maimaita."

Ni ne ɗan fari. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta yaba mini a gaban mutane, haka aka rene ta. "Mai injin nan" kusan shi kaɗai ne abin da ta taɓa kira na da shi, kuma wallahi daɗin da na ji ranar ban ji shi ba ranar da na gama makaranta.

Har yau ban ga rawar nan ba. Ƙanwata ta ce da mayafi Inna ta rufe fuska tana takawa. Gwaggo ta ce ƙarya ne, yar da mayafin ta yi. Da na tambayi Inna da kanta bayan shekaru, sai ta kau da kai ta ce ita ba ta san an yi wata rawa ba. Ni dai na san sau uku muka maimaita faifan kafin a kira la'asar.