Na Ce wa Yayata Babu Masu Irin Damuwarta

Wataƙila na manta wasu abubuwa ko na haɗa farko da ƙarshe, don an ɗan jima. A lokacin na gama jami'a, na dawo ƙauyenmu kusa da Tsanyawa ina jiran aiki. Duk abin da ya shige wa mutanen gida duhu, ni ake miƙa wa waya in duba.

'Yar Yayata tana da sikila. Wata rana muna ɓarar gyaɗa, Yaya ta roƙe ni in nemo mata inda iyaye mata masu irin 'yarta suke hira, don ta gaji da masu ce mata iska ce ko sammu. Ta ce ba likita take nema ba, uwa take nema wadda ta san kukan. Na yi ta bincike a intanet, da Hausa da Turanci, ina hawa tudun bayan gida saboda sabis. Abin da ya riƙa fitowa bayanan likitoci ne, da zaurukan Turawa, da masu tallan maganin da wai yana warkarwa kwata-kwata. Da na gaji, na ce mata a ganina babu irin wannan zaure a ƙasar Hausa. Ta yi dariyar yaƙe, ta ce ashe duk Kano ita kaɗai Allah ya zaɓa. Ba ta sake tambaya ba.

Da damina zazzaɓi ya kama yarinyar. Muka ɗauka na sauro ne, muka jira ya sauka, sai da ta kasa taka ƙafa muka nemi mota zuwa asibiti a birni. Aka ƙara mata jini. A nan wata Hajiya mai jinyar jikanta ta tambayi Yaya wane guruf take ciki, wato zauren hira na waya. Da ta ji ba ta cikin ko ɗaya, ta karɓi wayarta ta saka ta a nasu. Mata ne cike, daga Zakirai har Rijiyar Zaki, kusan duk da saƙon murya suke magana. Sunan guruf ɗin addu'a ce kawai, babu kalmar sikila, saboda Hajiya ta ce ba sa son a riƙa nuna 'ya'yansu da baki. Ba a shiga sai wata ta kawo ki. Abin da suka fi nanata wa juna shi ne zazzaɓin mai sikila ba a jiransa a gida.

Yarinyar ta tashi, amma har yau tana ɗingishi. Ba zan iya rantsewa cewa da mun shiga guruf ɗin da wuri da hakan bai faru ba, kuma ba zan iya rantsewa da akasin haka ba. Wannan ne ke hana ni sukuni.

Don Allah, in kun bincika ba ku samu ba, ku ce ba ku samu ba, kada ku ce babu. Ku tambayi masu zama a layin asibiti. Waɗanda suka shaida wannan, in na yi kuskure ku aiko da gyara, musamman ke Yaya.