Limamin da Ya Kasa Ba Ƙofa Baya

Duk wanda ya zauna Tudun Wadan Zariya ya san Malam Kailani, in ba da wankin hula ba, to da limanci. Rumfarsa na bakin lungu, huluna kife a kan guntayen itace suna shan rana, masallacin kuma na daura da ita, ɗan ƙarami. Mahaifinsa ne ya gina shi, ya ja salla a ciki har ƙafa ta gaza, sannan ya kama hannun Kailani ya tsayar da shi a gaba. Ba albashi, ba komai. Amma in kana son ganin ɓacin ran Malam, ka ce masa ya makara wani ya ja Azahar. Wankin hula na tuwo ne kawai, limancin nan shi ne abin da yake da shi a duniya.

Karatunsa a hankali yake, har samari na tsokanarsa wai kafin ya kai ƙarshen Fatiha shayi ya huce. Sai ya yi dariya ya ce wanda ke sauri ya tafi tasha.

Shekarar da abin ya faru, surukinsa ne ya rasu a wani ƙauye can bayan Giwa, suka tafi gaisuwa da matarsa Bahijja. Da La'asar ta yi, mutanen ƙauye suka ga baƙon malami daga Zariya, suka tura shi gaba don girmamawa. Yana sujada ya ji babura. Bai ɗago ba, ai salla ake. Kafin ya ɗago, 'yan bindiga sun shigo ta ƙofar da ke bayansa. Shi ko ƙwarzane bai samu ba. Mujahid, ƙanin Bahijja, wanda ke daidai bayansa a sahu, bai ƙara tashi ba.

Ya dawo gida, aka yi ta zuwa jaje, ana cewa Allah ya kiyaye gaba. Ga mutane magana ta ƙare ke nan. Ga Malam kuwa, wallahi a ranar ta fara.

Ya mayar da tabarmarsa jikin bango, yana wanki idonsa na kan titi. Murfin tukunya ya faɗi a cikin gida, sai ka gan shi tsaye cak, zuciya na dukan uku-uku. Babur ya shigo lungu, sai ya gane na wane ne kafin numfashinsa ya dawo. Wani tsohon abokinsa ya dafa masa kafaɗa ta baya, Malam ya kai masa hannu saura kaɗan ya zubar masa da haƙori. Barci ya ƙaura, kafaɗu suka ƙage, goro kuwa kamar abinci.

Duk wannan da sauƙi. Liman fa bango yake kallo, jama'a da ƙofa duk suna bayansa. Kai, wannan jarrabawa! Yana ta da kabbara gumi zai karyo masa, bakinsa na karatu kunnensa na ƙofa. Mutumin da ake wa tsiyar jan karatu ya koma idar da salla kamar ana korarsa, har tsofaffi ba sa cim masa a ruku'u.

Ka san bakin unguwa. Wasu suka ce aljanin daji ya biyo shi, wasu suka ce sammu ne, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, shiru. Maƙwabciyarsu Agatha mai kemis, wadda kowa ke kira Maman Chinazam, ita ta ja Bahijja gefe.

"Mijinki ba mahaukaci ba ne," in ji ta. "Na yi aikin jinya, na ga irinsa da yawa. Tsoro ne ya maƙale masa a jiki, kuma ana maganinsa. Ku je asibiti."

Da ƙyar ya yarda, don sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa aka ce. Ya shiga Keke Napep ya ja rawani ya rufe fuska, kada wani ya gane shi.

Likitan ya bar shi ya zaɓi kujerar da ke kallon ƙofa, ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Malam, jikinka ne bai samu labarin an wuce wurin ba. Ya ɗauki mai gadi tun ranar, mai gadin ya ƙi sauka daga aiki. Mu kuma lallashinsa za mu yi, ba faɗa ba."

Ya koya masa jan numfashi a hankali ya sake shi a hankali in gaba ya faɗi, da duba abin da ke gabansa ya kira sunansa ɗaya bayan ɗaya, don hankali ya dawo inda yake. Ya ba shi ƙwaya, ya ce a rage goro da shayi. Ya kuma ba su aikin gida: Malam ya zauna ya ba ƙofa baya, Bahijja ta riƙa wucewa ta bayansa, da fari da sallama, daga baya ba sallama.

"Amma kada ka koma gaba sai mun yarda tare," in ji likita. "Abin yana son lokaci."

Haka aka ba Salisu riƙon limanci, wani saurayi mai gyaran waya, mai zaƙin murya. Kuma Allah ya sani Malam ya yi ƙoƙari. Ranar da Bahijja ta wuce ta bayansa da tire bai waiga ba, sai da ta yi kuka don murna, ita da ke ɗauke da nata rashin ba mai tambayarta. Barci ya fara dawowa, har ya ɗan yi kumatu.

Abin da ya hana shi sakat muryar Salisu ce a lasifika. Yana jin masu kawo hula na cewa yaron nan akwai karatu, sai ya ji kamar ana zare masa wani abu a ƙirji.

"Malam, don Allah ka bari likita ya ce," in ji Bahijja.

"Likita ne ya gina masallacin?" ya ce. "In na ƙara wata guda a zaune, sun manta da ni."

Ya koma. 'Yan kwanaki abin ya tafi lafiya, mutane na ta barka. Sai wata La'asar, yana sujada, samari 'yan rakiyar ango suka kwararo cikin lungun a kan babura suna ta murɗa wuta, daidai lokacin da wani da ya makara ya faɗo masallacin a guje. Numfashin da aka koya masa, ina! Malam ya zabura ya ba alƙibla baya, ya ƙwala ihu: "Sun zo! Ku fita!"

Liman ne fa ya faɗa, wa zai tsaya tambaya? Jama'a suka yi ƙofa gaba ɗaya. Da ƙura ta lafa, ga Alhaji Nagoda kwance, tsoho aminin mahaifin Malam, an tattake shi, ƙugu ya karye. Ango da mutanensa ko sani ba su yi ba, sun wuce abinsu.

Alhaji Nagoda bai ƙara taka ƙafarsa zuwa masallaci ba. Daga kan gado ya aiko a ce wa Kailani ya yafe, kada ya sa a ransa. Da zaginsa ya yi, da ya fi sauƙi.

Dattawa suka zo rumfa, aka daɗe ana gaisuwa, kowa na kallon ƙasa. Can babbansu ya ce, "Malam, mun ce ko za ka ɗan huta."

"Har yaushe, Baba?"

Malam ya gane nufinsu. Ya sa hannu a aljihu ya miƙa musu mabuɗin masallacin.

Likita ya ce irin wannan komawa baya tana faruwa, a sake daga farko. Malam na zuwa, yana shan ƙwayarsa, yana jan numfashi. Sai dai ko ya warke gobe, wa zai ƙara sa goshi a ƙasa a bayansa da natsuwa? Ya san amsar, shi ya sa ba ya tambaya. Ya gwada bin Salisu a sahun ƙarshe, ƙofa na daidai ƙeyarsa, ya kasa. Ya gwada tsakiya, ya ji kamar an binne shi. Yanzu in an ta da iƙama sai ya tsaya a bakin ƙofa ta waje, bayansa a jikin bango, idonsa a kan lungu, sai an watse ya shiga ya yi tasa shi kaɗai.

Kwanan baya wani baƙo ya zo a gaggauce, ya tuɓe takalmansa masu tsada, ya ga dattijo tsaye a wurin, ya tura su gabansa.

"Baba, don Allah a duba min waɗannan."

Malam Kailani ya dubi takalman, ya dubi bayan Salisu can gaba, ya ce, "To."